Tambayi Malam: "Tsohuwar ta ce mini 'shoo', kaza ta mai da ni?"

Assalamu alaikum. Wasiƙu huɗu na ware a wannan wata, dukansu a kan kalmomin da Turawa ke kora da su. Ta farko ce ta fi tsaya mini a rai, ita ce kuma za ta ci mafi yawan filin.

TAMBAYA: Baba Malam, barka da aiki. Ni 'yar Zariya ce, wata bakwai ke nan ina aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Manchesta. Akwai wata tsohuwa mai shekara 86 da nake yi wa wanka da gyaran ɗaki. Ran Talata na shiga da sassafe zan buɗe mata labule, sai ta ɗaga hannu tana kaɗa shi tana cewa "shoo, shoo, shoo". Na fita na shiga banɗaki na sha kuka. Na duba ƙamus a waya, ya ce kalmar korar tsuntsaye da dabbobi ce. Wata abokiyar aikina Baturiya ta ce ba komai ba ne, wata 'yar ƙasarmu kuma ta ce wariyar launin fata ce tsagwaronta. Maganar wa zan kama? — 'Yarka, Manchesta.

AMSA: Sannu 'yata, Allah ya ba da ladan aiki. Ƙamus bai yi miki ƙarya ba. Asalin "shoo" ta kaji ce da tsuntsaye. Tun ƙarni na 15 ake samun ta a rubuce cikin Turanci a matsayin tsawar kora, a wajen shekarun 1620 kuma ta zama aikatau, aka fara amfani da ita yadda muke cewa wance ta kori kaza. Ba malamai ne suka zauna suka ƙirƙiro ta ba, huci ne na baki da ke razana tsuntsu. Shi ya sa za ki ji 'yan uwanta ko'ina. Italiyawa na cewa "sciò", Jamusawa "husch", Larabawa "kish", mu kuma a gidanmu a Malumfashi "as" muke ce wa kaza in ta doshi shanyar tsaba.

Kada benayen Manchesta su sa ki ɗauka mutanen Ingila sun daɗe da rabuwa da wannan rayuwa. Har cikin ƙarni na 19 tsaron tsuntsaye a gona aikin yara ne a ƙauyukansu. William Cobbett, marubucin da aka haifa a 1763, ya rubuta cewa aikinsa na farko a duniya shi ne korar tsuntsaye daga shuka. Joseph Arch, wanda ya jagoranci kafa ƙungiyar 'yan ƙwadagon gona ta Ingila a 1872, yana ɗan shekara tara ya fara da korar hankaki, ana ba shi kwabo huɗu a wuni. Ranar da na karanta labarinsa kaina na tuna, a bisa rumfar kara a gonar dawar mahaifina, igiyar gwangwanaye a hannu ɗaya, majajjawa a ɗayan, ina ihu tun hantsi har murya ta dushe saboda jan-baki. Ita kanta tsohuwarki an haife ta dab da Yaƙin Duniya na Biyu, zamanin da ƙwai sai da katin rabo, gidaje da yawa suka koma kiwon kaji a bayan gida, kuma rabon abincin bai ƙare ba sai 1954. Ba mamaki a bakin uwarta ta fara jin kalmar. Daga gona ta shigo gida, daga kan kaji ta koma kan 'ya'ya, a nan ne kuma ta zama mai fuska biyu. Duka biyun na gan su da idona.

A 1987 aka tura ni Leeds kwas na shekara ɗaya kan koyar da Turanci. Na kama ɗaki a gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu. Lahadi ta uku da zuwana, bayan mun ci abinci, na kwashi kwanuka na bi ta kicin, don ban ga yadda zan miƙe ƙafa sa'ar uwata tana wanke kwanon da na ci ba. Ina kai hannu kan famfo ta zaro tsumman goge kwano daga kafaɗarta tana kaɗa mini shi wajen gwiwa: "Shoo! Shoo! Out of my kitchen!" Wato fice mini daga kicin. Jikina ya yi sanyi. Shekarata 34 a lokacin, na bar mata da 'ya'ya uku a gida, ɗalibai na miƙewa in na shiga aji. Na hau sama na rufe ƙofa. Kwana biyu ina gaishe ta a daƙile, har na fara leƙa allon da ake liƙa tallar ɗakunan haya.

Da Lahadi ta zagayo sai ga ɗanta ya zo cin abinci. Direban bas ne, ƙaton mutum, furfura ta fara fito masa. Ya shiga kicin ya tsoma yatsa a tukunyar romo. Tsumman nan dai, kalmar nan dai, har da ɗan duka a kafaɗa. Ya fito yana dariya yana lasar yatsa. Ina zaune a falo na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ashe matar nan cikin 'ya'yanta ta sa ni. Na tuna kakata, Allah ya jiƙanta, tana ce mini "tafi can, ja'iri" alhali hannunta na cusa mini ƙuli-ƙuli a aljihu.

Ɗaya fuskar na gamu da ita cikin hunturun shekarar. Na shiga wani shago a tsakiyar gari in tambayi hanyar tashar jirgin ƙasa. Mutumin da ke bayan kanta bai ko ɗago kai daga jaridarsa ba. Ya kaɗa bayan yatsunsa sau biyu wajen ƙofa, ya ce "shoo", a hankali, ba tsawa. Shekara kusan 40 ke nan, har yau in na tuna ina jin ɗacin a maƙogwaro. Saboda haka ba zan ce miki kukanki na banza ne ba, kuma ba zan ce 'yar ƙasarmu da ta ambaci wariya mafarki take ba. Akwai ta, kuma masu irin aikinki sun fi kowa haɗuwa da ita.

Abin da ya raba dattijuwar nan da mai shagon nan, ido ne. Ita tana kallona, fuska a sake, hannu duka na motsi, murya sama. Shi ko kallon hadarin kaji bai yi mini ba. Sannan ita ɗan cikinta ma tana faɗa masa, shi kuwa na tabbata ba zai faɗa wa Baturen da ya shigo bayana ba. Da wannan za ki auna tsohuwarki. Ki kasa kunne mako ɗaya. Tana ce wa Turawan ma'aikata haka? Tana ce wa 'yarta in ta zo ziyara tana gyara mata matashi? In haka ne, halinta ne, ba ke ba ce.

In kin tambayi inda zuciyata ta karkata, daga yadda kika ba da labarin, na fi ganin tsohuwa ce da aka tasa daga barci, haske na shirin dukan idonta, ta rasa doguwar magana sai wadda ta fi kusa da harshe. Ki tuna matar nan ta yi shekaru tana mulkin gidanta, yau ba abin da ya rage a ƙarƙashin ikonta sai ɗaki ɗaya da labule. In kuma tana cikin masu ciwon mantuwa, sau da yawa kalmomin ƙuruciya ne ke saura a bakinsu bayan sauran sun zube. Gobe ki ƙwanƙwasa, ki gaishe ta da sunanta, ki tambaya kafin ki taɓa labulen. In ta sake kaɗa hannu, ki ce "Shall I come back in ten minutes?", wato in dawo bayan minti goma? Sau da yawa iyakar abin da take nema ke nan.

Amma idan ke kaɗai take yi wa, ko ta haɗa da magana a kan fatarki ko ƙasarki, to zance ya sauya. Ki rubuta a littafin rahoton yini, da lokaci da ainihin abin da ta ce, ki sanar da shugabar sashenku a ranar. Tsufa da ciwo na iya zama dalili, amma ba su wajabta miki haɗiye abin ke kaɗai a banɗaki ba.

Abu biyu kafin in bar ki. Ke kada ki taɓa ce wa tsohon da kike kula da shi "shoo", ko da wasa, haka ma abokin aiki. Daga sama take gangarowa ƙasa, uwa ga ɗa, kaka ga jika, ko tsakanin waɗanda sabo ya yi nisa. Daga bakin ma'aikaciya zuwa kan mai shekara 86 raini ne, kuma zai iya jawo miki tuhuma a wurin aiki. Na biyu, tunda a arewacin Ingila kike, za ki ji "gerroff" da "gerrout". Su ne "get off" da "get out" da harshen yankin ya murƙushe. Sun fi "shoo" zafi nesa ba kusa ba. Kina riƙe da hannun tsoho ya ce "gerroff", sake ni yake nufi, ki sake shi nan take sannan ki lallaba.

TAMBAYA: Malam, shekara shida ina tuƙin babbar mota a Texas. Maƙwabcina dattijo ne ɗan karkara, duk ranar da karen wani ya shigo masa fili sai ya buga ƙafa ya ce "Go on, git!" Na ɗauke ta. Da na je Birmingham ta Ingila hutun sallah wurin wana, yaransa suka yanyame ni suna tone mini jaka, na ce musu "git, git" cikin wasa. Yara suka yi tsit, matar wana ta sha kunu har dare. Me na yi? — Direba, Houston.

AMSA: Ɗan'uwa, kalma biyu ne da suka sa riga iri ɗaya. Ta maƙwabcinka aikatau ce, "get" ce da lafazin karkarar kudanci da yammacin Amurka, an datse mata wutsiya daga "get out". Ta kare ce da alade da saniya, da baƙon da aka gaji da shi. A can ba zagi ba ce, kora ce mai kaushi kawai.

A Ingila kuwa "git" suna ne, kuma zagi ne: sakarai, marar daɗin zama. Tushenta wata tsohuwar "get" ce mai ma'anar abin da aka haifa, daga baya ta koma ɗan da aka haifa ba aure. A Liverpool da Sikotilan da Ailan har yanzu akwai masu furta ta "get". Kusan tafiyar da "shege" ta yi a bakinmu ke nan. Abokai na jifan juna da ita suna dariya, amma wani ya faɗa wa ɗanka a gabanka, abincin ranar ba zai yi maka daɗi ba. Ba ta kai ashar nauyi ba, ana jin ta a talabijin, har ma Linus Torvalds da ya ƙirƙiro manhajar Git a 2005 ya ce da wannan ma'anar ta Ingila ya laƙaba mata sunan, yana tsokanar kansa. Duk da haka abin da ya shiga kunnen matar wanka shi ne baffan yara ya zo daga Amurka ya zagar mata 'ya'ya har sau biyu. Ka kira ta ka ba ta labarin dattijon da karensa kamar yadda ka ba ni, ka ba ta haƙuri. Da "shoo" ka ce kana dariya, ko "off you go", da ba wanda zai ɗaga kai, domin baffa na da wannan hurumin a kan 'ya'yan wansa.

Kusan kowane yanki na da tasa. Mutanen Newcastle na cewa "hadaway", suna kora da ita, suna kuma ƙaryata magana da ita, daidai da "tafi can" ɗinmu in aka kawo mana labarin da bai kama hankali ba. Tsofaffin gabashin Landan na da "gertcha". A karkarar Ailan za ka ji "hoosh" in ana tura shanu ko kaji su bi ta ƙofa. Ina son waɗannan kalmomi ƙwarai, sun fi Turancin littafi rai. Sai dai shawarar da nake ba ɗalibaina ita ce su san su don ganewa, su yi jinkirin furta su. Kafin ka ɗauki kalmar kora daga bakin mutum, ka ga wa yake faɗa wa, sau uku ko huɗu, ba kare kaɗai ba.

TAMBAYA: Malam, ina fassara labarai a wani gidan rediyo. Lokacin zaɓen Amurka na sha cin karo da "shoo-in", wani wurin kuma "shoe-in". Wanne ne daidai, kuma me ya haɗa zaɓe da takalmi? — Mai fassara, Kaduna.

AMSA: Ba abin da ya haɗa su, malam. "Shoo-in" ce daidai, ɗayar kuskure ne da ya yaɗu saboda furucin "shoo" da na "shoe" ɗaya ne sak. Daga filin sukuwar dawaki na Amurka ta fito a farkon ƙarni na 20. Mahaya kan haɗa baki su riƙe linzami, su bar dokin da aka shirya ya wuce, kamar an kora shi ne zuwa layin ƙarshe yadda ake kora kaza akurki. Zuwa ƙarshen shekarun 1930 ta shiga bakin 'yan siyasa da 'yan jarida.

Ga inda mai fassara zai yi hattara. Warin maguɗin ya daɗe da fita daga jikinta. Jarida in ta kira ɗan takara "shoo-in" a yau, ba zargin kowa take ba, cewa take nasararsa ba ta da tantama. Ka ce "ana ganin ba shi da abokin karawa", ko "ana ganin kujerar tasa ce, jiran ranar zaɓe kawai ake". Kada ka yar da "ana ganin" ɗin nan, domin hasashe ne, kuma an sha kiran mutum haka ya sha ƙasa. Thomas Dewey ke nan a zaɓen shugaban Amurka na 1948, kowa ya ba shi, Harry Truman ya kayar da shi.

TAMBAYA: Malam, ina ajin ƙarshe na sakandare. Zan iya sa "shoo" ko "scram" a insha'in jarrabawar WAEC? Kuma wani ɗan ajinmu da ya tashi a Warri yana yawan cewa "shuo", ita ce? — Ɗalibinka, Gusau.

AMSA: Ɗana, ta abokinka daban ce. "Shuo" ta mutanen yankin Warri mamaki ce, kamar mu ce "kai!" ko "ikon Allah!". Ba ya korar ka.

"Shoo" na da wuri a insha'in ba da labari, musamman a bakin wanda ke magana a ciki, ko a jimla irin "My mother shooed the hens away from the millet", wato inna ta kori kaji daga gero. Lura da rubutun: "shooed", "shooing". A wasiƙar neman aiki ko ta hukuma kuwa ba ta da gurbi, a nan "drive away" ko "chase away" za ka sa.

Sauran ka bar su a bakin mutanen cikin labarinka. "Scat" galibi ta mage ce. "Scram" ta titunan Amurka ce tun shekarun 1920, mutum ake faɗa wa, kuma da ɓacin rai, ko da yake masu aiki a tashoshin nukiliya sun are ta suna kiran kashe injin cikin gaggawa da ita. "Skedaddle" ta yaɗu ne a yaƙin basasar Amurka da ya fara a 1861, a kan sojan da ya ari na kare. Mutum ne ke yin ta da ƙafarsa, ba a yi wa wani ita, don haka ba za ka rubuta cewa ka "skedaddle" akuya ba.

Abin da ya fi cinye wa yaranmu maki ma ba waɗannan ba ne. Shekaru ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin "pursue". A Turancin kasuwa na ƙasar nan tana nufin kora, amma a na jarrabawa tana nufin ka bi abu don ka kama shi. Ka rubuta cewa ka "pursue" akuya daga rumbu, mai duba takarda zai fahimci kana son cafke ta ne. Haka "they drove us from school" in an kore ku saboda kuɗin makaranta: kowa a Gusau zai gane, amma "we were sent home" ake so. Ka rubuta jimla biyar da "shoo away", biyar da "chase away", ka kai wa malaminku ya duba kafin Juma'a.

Ina da roƙo ga sauran masu karatu. Ina tattara irin namu. Ku rubuto mini abin da ake ce wa kaza, akuya, jaki, mage da kare in za a kore su a garinku, da abin da ake ce musu in za a kira su, ku faɗi sunan garin. Na Malumfashi suna hannuna. Ina jiran na Sakkwato, Haɗeja, Damagaram, Agadas da zangon Kumasi.